Zafin bazara da kajin gida: abin da ya kamata ku sani game da ruwan gishiri da sukari

Duk mai kiwon kaji a gida ya san yadda akurki yake zama da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Kaji sun yi jugum, baki a buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa da sauri, fukafukai a sake sun rabu da jiki. Wasu sun tona ƙasa a gindin randa sun kwanta sun manna ƙirji da damshi. Tsabar da aka watsa tun hantsi tana nan ba wadda ta kalle ta. Ka tsoma yatsa cikin mazubin ruwa ka ji shi kamar ruwan wankan jego. Kafin la'asar sai ka tarar babbar cikinsu, wadda ake ji da ita aka ware domin Sallah, ta mimmiƙe ƙafa.

Washegari in aka je shagon magungunan dabbobi aka ba da labari, abin da mai shago zai miƙo shi ne 'yar leda mai gari a ciki, ya ce ilektrolait ne, ko ya ce anti-sitires, a zuba a ruwan sha. Da yawanmu haka muke karɓa mu zuba, ba mu san abin da ke ciki ba, ba mu san aikinsa ba, balle mu san ranar da za a daina. Garin yana da amfani, ni ma ina ba nawa. Sai dai amfaninsa yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai iya kashe kajinsa da hannunsa yana zaton jinya yake yi.

Kaza ba ta gumi. Ni da ku in zafi ya dame mu, zufa ta keto, iska ta busar da ita, jiki ya huce. Kaza ba ta da wannan gata, ga gashi lulluɓe da ita, kuma zafin jikinta na yau da kullum ya kai digiri 41 a ma'aunin salshiyas, alhali na ɗan Adam 37 ne. Yanayin da ta fi sakewa a cikinsa shi ne tsakanin digiri 18 zuwa 24, wato irin sanyin safiyar damina. Da zarar an doshi digiri 30 ta fara neman mafita. To ku kwatanta da Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru ko Damagaram, inda haura digiri 40 a bazara ba labari ba ne, sannan a ɗora rufin kwano gajere a kan akurki.

Mafitarta ta farko ita ce tura jini zuwa zanko da ƙafafu da ƙarƙashin fukafukai, inda gashi bai yi yawa ba, don zafi ya fita. In hakan bai wadatar ba sai ta koma haki. Da haki take fitar da tururi daga maƙogwaro da huhu, tururin ya tafi da zafi. A nan matsalar take ɓullowa, domin numfashin da ke fitar da tururi yana kuma kwashe iskar kabon daga jini fiye da kima. Mata sun san abin da kanwa take yi wa miyar yakuwa: in ta yi daidai ta kashe tsami, in ta zarce ta ɓata tukunya. Jinin kaza yana da ɗan ma'auni tsakanin tsami da kanwa wanda ba ya son a gusar da shi, kuma iskar kabon ce take riƙe ɓangaren tsamin. In ta ragu, jini ya karkata zuwa ɓangaren kanwa. Ƙoda sai ta tashi gyara, ta riƙa zubar da sinadarin bikabonet, shi kuma ba ya fita shi kaɗai, yana jan sodiyam da fotasiyam su bi shi cikin kashi. Ga kuma kazar ta rage cin abinci, wato ƙofar da waɗannan gishirai suke shigowa ta tsuke daidai lokacin da ƙofar fita ta buɗe.

Waɗannan su ne ake kira ilektrolait: sodiyam, fotasiyam, kuloraid da bikabonet. Gishirai ne da suke narkewa cikin ruwan jiki, su ne ke sa jijiya ta kai saƙo, tsoka ta motsa, zuciya ta buga daidai, kuma su ne ke riƙe ruwa ya zauna a jiki. Garin da ake sayarwa haɗinsu ne da gulukos, galibi har da bitamin. Dalilin sa gulukos shi ne dalilin da ya sa ake haɗa gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: hanji ya fi saurin tsotse gishiri da ruwa idan akwai sukari tare da su. Shi kuwa bitamin C, kaza tana haɗa nata a ƙodarta, amma a tsananin zafi abin da take haɗawa ba ya isarta, shi ya sa ake ƙara mata.

Masu kajin ƙwai su ne suka fi ganin wannan lissafi da ido. Ɓawon ƙwai haɗin kalsiyam ne da kabonet, kuma kabonet ɗin daga jinin kaza yake fitowa. Kazar da ta yini tana haki ta zubar da abin da za ta gina ɓawo da shi. Shi ya sa a bazara ake samun ƙwai ƙanana, ɓawo shara-shara mai fashewa a kiret tun ba a kai kasuwa ba, wani lokaci ma a tsinci ƙwai ba ɓawo sai fata. Mutane sukan ɗora wa kamfanin abinci laifi, alhali sau tari zafi ne.

Kafin a zo batun awo, akwai abin da ya sha gaban kowane gari, shi ne ruwan kansa. Kaza mai ƙwai tana shan kusan rubu'in lita a rana in yanayi da dama-dama, a bazara kuwa tana iya ninka wannan. Mai kaji ashirin ke nan ya tanadi lita goma, ba biyar ba. Kuma kaza ba ta son ruwan ɗumi. In ya yi zafi za ta tsoma baki ta janye, ta gwammace ƙishirwa. Ruwan da ya sauko daga baƙin tanki na kan rufi da tsakar rana, ko wanda ya kwana cikin baƙar roba a rana, ko an zuba masa garin da ya fi kowanne tsada ba zai yi aiki ba, tunda ba za a sha shi ba. Na fi yarda da randa a inuwa da ruwan da ake sauyawa sau uku a yini a kan leda goma ta shago. In an samu wuta, a daskarar da ruwa a gorar roba a jefa cikin mazubi. A kuma yawaita mazuban, domin manyan kaji sukan tsare bakin ruwa su hana ƙanana, kuma kazar da ta galabaita ba za ta yi tafiya mai nisa neman sha ba.

Yaushe ne garin yake da wurin zama? Na farko, ranakun da zafi ya tsananta har kaji suka shiga haki. Na biyu, bayan tafiya. Yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a Arewa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, su kwana a mota cikin kwali. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba ci, amma ba ta hana shi bushewa. In kun buɗe kwali, ku duba ƙafafunsu: na lafiya ƙafarsa cike take tana sheƙi, wanda ya sha wuya tasa ta motse ta yi duhu. Ku ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ku tsoma ƙarshen baki cikin ruwa mai gulukos ko ilektrolait, ku ajiye, ku ga ya ɗaga kai ya haɗiye. A bar su su sha na awa biyu kafin a kawo abinci. Wannan ɗan aikin haƙuri yana ceton 'yan tsaki da yawa a makon farko. Haka nan kajin da aka sayo daga kasuwar ƙauye aka ɗauro a bayan babur cikin rana, da waɗanda aka sauya wa akurki, da waɗanda gudawa ta tsotse.

Akwai kuma ranakun rigakafi. Ana iya ba da garin kwana ɗaya kafin rigakafi da kwana biyu bayansa. Amma a ranar da za a ba da rigakafin Lasota ko Gumboro ta ruwan sha, kada a haɗa shi da komai. Waɗannan alluran, irin waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take haɗawa, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma abu kaɗan yake kashe ta. Ruwan famfo mai kulorin ma yana lalata ta, shi ya sa ake neman ruwan rijiya mai tsabta a ɗan zuba garin madara marar maiƙo. Sai sun shanye ruwan rigakafin sannan a dawo da na ilektrolait.

Yanzu awo, wanda a nan aka fi yin ɓarna. In na shago ne, a bi abin da aka rubuta a jikin leda, gram kaza a lita kaza, kada a ƙara don ana ganin zafin yau ya fi na jiya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A kuma karanta jerin abin da ke ciki, ko a ba wanda zai karanta, domin wasu ledojin da ake kira anti-sitires akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsu, irin su oksitetrasaikilin. Zafi ba ƙwayar cuta ba ne. Ɗura wa lafiyayyun kaji irin wannan magani duk bazara yana koya wa ƙwayoyin cuta jure shi, kuma ragowarsa tana zama cikin ƙwai da naman da 'ya'yanmu za su ci. Wannan al'ada ta yaɗu ƙwarai a tsakanin masu kiwo, kuma ya kamata a bar ta.

In shago ya yi nisa ko aljihu bai ba da dama ba, ana haɗawa a gida. A sami ruwa mai tsabta lita 4, wato ledar fiya wata guda 8. A zuba sukari cikin babban cokali ɗaya, gishirin miya rabin ƙaramin cokalin shayi, da bekin soda rabin ƙaramin cokali, kowanne a shafe ba a tula ba. A lura, bekin soda aka ce, ba bekin foda na kek ba, su biyun ba abu ɗaya ba ne. In ba a sami sodar ba, sukari da gishirin ma sun wadatar. Wanda yake da ledar ORS ta yara a gida zai iya amfani da ita, har ta fi haɗin gida da abu ɗaya, tana da fotasiyam. Sai dai an auna ta ne domin mutum: leda ɗaya ta lita guda tana ɗauke da gishiri gram 2.6 da gulukos gram 13.5. Wannan ya yi wa kaza kauri, musamman 'yan tsaki. A narkar da ita a lita 4 maimakon lita 1.

Mai karatu zai iya tambaya, tunda an ce jini ya karkata zuwa ɓangaren kanwa, me ya kawo soda kuma? Tambaya ce mai kyau. Ana ba da ita ne domin mayar da bikabonet ɗin da ƙoda ta zubar, wanda kaza mai ƙwai take bukata da dare lokacin da ɓawo yake haɗuwa, tana kuma sa kaza ta ƙara shan ruwa. Amma in ta yi yawa sai ta ƙara wa jinin abin da yake fama da shi. Shi ya sa rabin cokali ya isa. Kuma shi ya sa ba na ba kowa shawarar jefa kanwa a ruwan kaji, duk da cewa makiyaya sun daɗe suna ba shanu ita kuma tana ɗauke da irin wannan gishiri. Kanwa iri-iri ce, ja daban, fara daban, ungurnu daban, ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma ba yadda za a yi a auna shi da ido. Abin da saniya za ta lasa ta wuce, ɗan tsako mai nauyin gram 40 ba zai ɗauka ba.

Kaza ba ta da juriyar gishiri. Abincin buhu da ake sayarwa tuni an sa masa gishirin da ya dace, kusan gram 3 a kowane kilo. In aka ƙara na ruwa kullum ba hutu, kaji za su yi ta sha suna tsuga kashi ruwa-ruwa, shimfiɗar ɓuntu ko garin katako ta jiƙe, warin ya tashi yana yaji a ido, ƙudaje su taru, cutar kashin jini ta samu wurin zama. A 'yan tsaki kuwa gishirin da ya wuce kima yana kumbura su ya kashe. Ruwa mai gishiri da aka daɗe ana ba kajin ƙwai yana ɓata ɓawon da ake neman gyarawa. Don haka kwana uku zuwa biyar ya isa, sannan a huta a koma ruwa zalla, in zafi ya sake tasowa a sake. Wasu sukan ba da shi daga hantsi zuwa la'asar kawai, su sauya da yamma, wannan ma tsari ne mai kyau. Ko da yaushe a ajiye mazubi ɗaya na ruwa zalla a gefe, kazar da ba ta son ɗanɗanon haɗin ta samu na sha. Waɗanda rijiyarsu ko burtsatsensu ruwan zartsi ne su cire gishiri daga haɗin gaba ɗaya, ruwan nasu ya riga ya zo da shi.

Ruwan sukari kuma ba ya kwana. A zafin bazara, cikin 'yan awoyi yake fara yauƙi. A haɗa sabo kowace safiya, a zubar da ragowar jiya, a wanke mazubi da soso a ɗauraye sosai. Mazubi mai gansakuka da santsi a ciki yana kawo gudawar da ta fi zafin illa.

Ba duk kaji zafi yake kamawa daidai ba. Kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida ta san inda inuwa take, jikinta ba nauyi, ita da mai tsiraran wuya sun fi kowa juriya, kuma sau da yawa kaskon ruwa a gindin darbejiya ya ishe su. Irin su Noiler da Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, suna tsakiya. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne buroila da ya wuce mako biyar: nama ya yi yawa, zuciya da huhu ba su girma daidai da shi ba, kuma narkar da abinci kansa wuta ne a cikinsa. Shi ya sa ya fi kyau a ciyar da shi da asuba da kuma bayan la'asar, a ɗauke abinci daga wajen ƙarfe goma na safe har rana ta yi sanyi. A rage cunkoso, a ɗora zana ko kara a kan kwano, a buɗe gefen akurki iska ta ratsa, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta inda iska take shigowa. Ɓawon kankana da gurji ma suna taimakawa, kaji suna son su. Kada kuma a kama kaji ko a kore su da tsakar rana, a bari sai da sanyin safiya.

In an tarar da wadda ta riga ta faɗi tana haki, ido a lumshe, a ɗauke ta zuwa inuwa, a tsoma ƙafafunta da ƙasan jikinta cikin ruwa mai sanyi, ba na ƙanƙara ba, kai yana waje. Sannan a riƙa ɗiga mata ruwan haɗin a gefen baki kaɗan-kaɗan tana haɗiyewa da kanta. Kada a buɗe bakin a kwarara. Ƙofar numfashin kaza tana nan a bayan harshe, ruwan da aka ɗura da ƙarfi huhu yake wucewa, kuma kaji da yawa ɗurar ce take ƙarasa su.

Abu na ƙarshe da nake roƙon a riƙe shi ne bambanta zafi da cuta, domin ilektrolait ba ya maganin kowace cuta. Hakin zafi yana bin rana: ya tashi da azahar, ya lafa bayan magariba, da safe kaji su miƙe su ci abinci. In kuwa kun ji kaza tana jan numfashi da ƙara cikin dare ko da asuba, ko kashi ya koma kore, ko wuya ya murɗe, ko fuska ta kumbura zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ana tsintar matattu da yawa a jere, to wannan ya wuce batun bazara. Yana iya zama Niyukasil ko murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna. A ware marasa lafiya, a binne matattu da zurfi, kada a kai ragowar kasuwa, a kira likitan dabbobi ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.

Ga masu shirin zuba buroila domin kasuwar biki, ku ƙirga makonni tun kafin ku biya kuɗin 'yan tsaki. In mako na biyar da na shida za su faɗo tsakanin ƙarshen Maris da farkon Mayu, ku rage yawan da za ku zuba, ku gyara rufi, ku tanadi randa da ƙarin mazubai, sannan ku sayi garin ku ajiye.